Jerin da Ba Shi da Suna

SHAFI NA 19

Ku masu turo min "ina cigaba" tun ban karya kumallo ba, Allah ya shirye ku. Wata har kirana ta yi, wai ko rezo ne, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke a Madawa. Rezo lafiyarsa lau, hajiya, ni ce nake wanki. To ga shi nan, kowa ya gyara zama.

Kun dai san inda muka tsaya. Adawiyya na zaune a ɗan biro, wato ofishin ƙungiyar manoman albasa ta ƙauyensu, can cikin kwarin Ibohaman, tana gyaran program ɗin da ke raba wa mutane ruwan foraj, wato rijiyar burtsatse. Shi ne kullum da safe yake aika saƙon murya a wayoyi: wane kai ne na farko, wane kai ne na biyu, har gona ta sittin da uku. Gobe bayan azahar komite zai zauna ya amince da sabon, daga nan kuma an rufe magana sai albasa ta fita.

Yaya Mahfuzu ne ya rubuta program ɗin shekara huɗu da suka wuce. Ɗan wan babanta ne, shi ya fara ɗora mata hannu a kan ordinatar, wato kwamfuta. Program ɗinsa yana aiki, ba wanda ya ce ba ya aiki. Amma wallahi in ka buɗe cikinsa sai ka tuna ɗakin gwauro. Layi ɗari takwas a dunƙule wuri guda, sunaye kuwa x1, x2, abu, abu2, har da wani wai shi sabon_abu_na_gaske.

Shi ya sa kafin ta saki mataimakinta a kai, wato na'urar IA ɗin nan mai ƙirƙirarriyar basira da ke taya ta rubuta kod, sai da ta zauna ta rubuta masa ƙa'idoji shafi guda cur. Ta farko ta ce gyaran tsari aka sa ka, ba canza hali ba: abin da program yake yi jiya shi zai yi yau. Ta ce ya riƙa yanka aikin ƙanana, yana gwadawa bayan kowane yanka. Ta ce duk wata lamba ko wani jeri sai ya ba shi sunan da ke faɗin abin da yake. Ta ƙarshe kuwa har jan layi ta yi a ƙarƙashinta: in ka ga abin da ba ka gane dalilinsa ba, kada ka goge, kada ka ƙirƙiro masa dalili, tsaya ka tambaye ni.

Kwana biyu aiki na tafiya sumul. Da hantsin nan tana kurɓar shayi, sai mataimakin ya tsaya cak, ya rubuto mata:

"Na tsaya a layi na 612. Kowace safiya program yana juya layi, wanda ya yi farko jiya ya koma baya. Amma akwai lambobi bakwai da ake cirewa kafin juyawar, a liƙa su a ƙarshe kullum: 9, 22, 23, 40, 51, 52, 58. Ba bayani a kansu. Ban taɓa su ba. Ƙa'idarki ta ce in ba jerin sunan da ke faɗin abin da yake. Wane suna zan sa masa?"

Adawiyya ta yi dariya.

"Yaya Mahfuzu ke nan. Ko mi ya ɓoye nan kuma?"

Ta jawo kayen ƙungiya, littafin da aka rubuta lambar kowace gona da sunan mai ita. Ta bi da yatsa. Tara, Ɗanasabe. Ashirin da biyu, magajin Abubakar. Ashirin da uku, ƙanensa. Tun a ta huɗu dariyar ta bar fuskarta. Da ta kai hamsin da takwas sai ta ajiye kofin a hankali.

Halidu. Kawunta Halidu, ƙanen Inna ciki ɗaya.

Ku da ba ku san foraj mai aiki da rana ba, bari in gaya muku. Da hantsi ruwa feshi yake kamar zai fasa tiyo. Daga la'asar, rana ta karkata daga kan pano, wato faifan sola, sai ya koma zirara, kafin ka shayar da fangali uku ya ɗauke. Wanda yake ƙarshen layi yau ya yi haƙuri, gobe na tafe. To wanda yake ƙarshen layi kullum fa? Shekara huɗu ke nan albasar Kawu Halidu na fitowa ƙanana kamar goro, kowa na cewa ƙasarsa ce ta gaji, shi ma yana cewa haka. Bana kam tun watan jiya ganyen ya fara kwanciya.

Kuma ba sai wani ya gaya mata abin da ya haɗa gidajen nan bakwai ba. Duk 'yan unguwar bayan dutse ne, waɗanda kakanninsu suka yi zaman bauta a ƙarƙashin masu raƙuman arewa kafin su sauko kwari. Magana ce da kowa ya sani, ba kuma wanda ke furta ta, balle a gidan su Adawiyya, inda uwar gidan kanta daga can aka auro ta.

Ranta ya ɓaci, ɓaci na gaske. Ta ɗauki waya.

"Yaya, kana Keita?"

"Ina nan. Lahiya?"

"Ka hau moto ka taho."

"Ke, ni sa'anki ne? Mi ya hwaru?"

"Layi na ɗari shida da sha biyu."

Ta ji numfashinsa cikin wayar, ta ji ƙarar wani yana gyaran taya a bayansa.

"Ga ni nan," ya ce.

*

Kafin azahar ya iso. Ya jingine moto, wato babur ɗinsa, a inuwar itacen bedi, ya shigo yana fifita da hula, yana ta fara'a irin ta mutumin da ya shirya maganarsa tun a hanya.

"Malama mai ƙa'idoji! An ce kin sa na'ura tana duba kurakuran yayanki."

"Sannu da hanya, Yaya. Ga ruwa."

Ya sha, ya zauna, ya leƙa allon. Ya karanta tambayar mataimakin sau biyu.

"Wanga shi ne abin tada ni daga Keita? Suna taka so? Sa mata lis_na_musamman, mu wuce wurin."

Adawiyya ba ta yi musu ba. Ta rubuta yadda ya ce. Ba a yi ƙiftawar ido biyu ba amsa ta fito:

"Sunan nan bai faɗi abin da jerin yake yi ba, bai kuma faɗi dalilinsa ba. Ya saɓa ƙa'idarki. In sa shi duk da haka?"

Mahfuzu ya ja tsaki.

"Ji min na'ura da iyayi."

"Ba iyayinta ba ne, nawa ne. Ni na ce ta yi haka."

"To gonakin na nesa da tanki. Ƙarshen tiyo suke. Sa masu_nisa."

"Yaya."

"Na'am."

"Gona ta ashirin da biyu, in ka tsaya cikinta ka miƙa hannu sai ka taɓa ƙahwar tanki. Da kai muka ci danƙo ƙarƙashinsa."

Ya sosa ƙeya. Ya dubi rufin kwano kamar an rubuta masa amsa a can. Ni dai na san Mahfuzu, mutum ne mai baki, ko a kasuwar Buza aka saka shi sai ya sayar wa mai rijiya ruwa, amma yau bakin ya ƙi tashi.

Can ya gyara zama, ya sauke murya.

"Buɗe min ƙa'idojin naki."

Ta buɗe.

"Karanta ta hwarko."

"Gyaran tsari aka sa ka, ba canza hali ba."

"Madalla. Wa yar rubuta?"

"Ni."

"To ke kinka ce abin da program yake yi jiya shi za ya yi yau. Jiya suna ƙarshe. Yau ma su zauna ƙarshe. Ba a ɗauke ki aikin raba ruwa ba, Adawiyya, shara anka ce ki yi."

Maganar ta shige ta, don gaskiya ce. Da hannunta ta rubuta dokar, kuma ta san dalilin da ya sa ta rubuta. Bara a wani aiki da ta yi a Madawa, ta saki na'ura ba ƙa'ida, ta share wani layi da ta ga ba shi da amfani, ashe shi ke hana a aika wa mutum saƙo sau biyu. Wani tsoho sai da wayarsa ta yi kuka sau arba'in a yini ɗaya. Tun ranar ta rantse ba mai sake canza hali da sunan gyara, ko ita ko na'ura.

"Na yarda," ta ce. "Ba zan goge ba."

Mahfuzu ya sauke ajiyar zuciya.

"Yauwa, ɗiyar kirki."

"Amma sai ya samu suna. Kuma duk abin da ya samu suna yana shiga takardar bayanin da zan karanta ma komite gobe. Ita ma ƙa'ida ce. In sun ji sun ce a bar shi, su sunka bari, da bakinsu, gaban jama'a. Ni dai ba zan sake binne shi ba."

"Wane suna za ki sa?"

Ta juya allon, ta rubuta a hankali, harafi bayan harafi: gidajen_bayan_dutse_da_ake_maida_baya.

Ba ta danna aikawa ba. Ta bar shi nan yana kallonsu.

Mahfuzu ya miƙe, ya je ya tura ƙofar langa-langar ta rufu rabi, ya dawo. Fara'ar nan duk ta zube.

"Kina tsammanin kasala ta hana ni sa masa suna?"

"Ban sani ba, Yaya. Kai da ka sa ma wani abu sabon_abu_na_gaske."

"Waɗancan kasala ce, na yarda. Wanga kuwa da gangan ne. Kwana biyu ina neman inda zan tura shi ba mai gani. Tsakiyar layi ɗari takwas na cusa shi, na hana shi suna, na hana shi bayani. Na ce ko bayan raina wani ya buɗe, ya ga lambobi ne kawai ya wuce."

"Don mi?"

"Kina lakkwal kina karatu a Tawa lokacin, ba ki ga abin da anka yi ba."

"To gaya min."

Ya zauna a bakin tebur.

"Ranar da anka gama gina foraj, dattawa sunka ce mutanen bayan dutse ba su da rabo. Wai gonakin da suke nomawa a kwari aro ne tun zamanin kakanni, mai aro kuwa ba a ja masa tiyo. Masu aikin foraj sunka ce in ba kowa da kowa ba, su kwashe panonsu su kai wani gari. Kwana uku ana reniyo, taro kan taro, ƙarƙashin gawo. Har an hwara maganar a karɓe gonakin gaba ɗaya a huta."

Ya gyara zama ya ci gaba.

"Rana ta huɗu anka kawo sulhu. A sa su cikin layi, masu foraj su ga sunayensu a takarda. Amma su sha ƙarshe kullum, dattawa su ga ba a haɗa kahwaɗa da su ba. Sharaɗi ɗaya anka gindaya: kada a hwaɗa. Ranar da maganar ta hito hili, sulhu ya warware, kowa ya koma inda yake tsaye."

"Wato a karɓe gonakin."

"Awo. Ke gani kike kina ceton albasar kawunki. Ni ina gaya miki, ki karanta wanga suna gobe, jibi ba shi da inda za ya shuka ko ƙanana."

Kai jama'a, tausayin Adawiyya ya kama ni a nan. Ta zo da fushinta tsaf, ta san mai laifi, ta san abin da za ta gaya masa. Ga shi yanzu an bar ta da fushin a hannu ba ta san inda za ta ajiye shi ba.

Ta dubi allon. Tambayar mataimakin na nan inda take, ba ta matsa mata ba, ba ta kuma janye ba.

"Shekara huɗu hwa, Yaya," ta ce, muryarta a ƙasa. "Ina ganin Kawu yana dawowa da magariba, ƙahwahunsa duk laka, yana ce ma Inna ƙasa ce ta tsuhwa. Ni kuma ina ba shi shawarar taki. Taki! Har bidiyo na nuna masa a waya."

"Na sani."

"Kai kana zaune kana ji."

"Ina ji. Kina tsammanin daɗi nike ji?"

"Su bakwai ɗin sun san da sulhun?"

"Sun san suna ƙarshe. Mutum ba ya shekara huɗu yana shan ruwan la'asar bai lura ba. Amma sun ɗauka na'ura ce take lissahinta. Na'ura ba a jin haushinta."

"To yanzu na'urar ce da kanta ta tambaya."

"Don kin koya mata tambaya! Wata da tuni ta share shi ko ta wuce shi. Taki ce mai tsayawa ta ce wane suna."

Duk da halin da ake ciki sai da murmushi ya so kuɓuce mata, ta danne.

"Dattawan da sunka yi sharaɗin, uku sun rasu," ta ce. "Perzidan na yanzu, shugaban ƙungiya, da Ɗanasabe tare suke zuwa kasuwar Bangi. Wata kila zamani ya canza."

"Wata kila. Za ki sa gonakin gida bakwai a kan wata kila?"

Ta juya ga allon. Ta ɗora yatsa a kan maɓallin, ta ɗauke. A waje famfo na ta gurnani, rana tsaka, ruwa na feshi a gonar wanda rabonsa ya faɗo da wuri.

"Tambaya ɗaya, Yaya."

"Ina ji."

"Kai ba ka san gidajen bayan dutse ɗaya bayan ɗaya ba. Ka girma a Keita. Ba ka san wace lamba ce ta wa ba. Wa yak kawo maka jerin?"

"Bar wannan."

"Wa yaz zauna ya ware su, ya ce wanga namu ne, wanga ba namu ba?"

"Na ce ki bari."

"Baba ne?"

"A'a! Kada ki ɗauki alhakin Baba, yana kabarinsa."

"Perzidan na da?"

"Adawiyya, na yi rantsuwa. Da Alƙur'ani a hannuna na yi ta."

"To ni ban yi ba. In ba ka hwaɗa ba, gobe in tambaya gaban komite."

"Ki tambaye ni nan, ya hi sauƙi."

Ba Mahfuzu ne ya yi maganar ba.

Ƙofar langa-langar ta ƙarasa buɗewa. Inna Mariyatu ce tsaye, mahaifiyar Adawiyya, da ƙwaryar fura a hannu an rufe da faifai. Abincin rana ta kawo, jin an ce Mahfuzu ya zo. Allah kaɗai ya san tun yaushe take wurin.

Mahfuzu ya zame daga kan tebur ya durƙusa.

"Inna, ina wuni."

"Lahiya lau. Tashi, ɗana, ka riƙe amana iya ƙarhinka."

Ta ajiye ƙwaryar a kan kayen ƙungiya. Ta jawo kujera ta zauna, ta gyara mayafinta ba gaggawa. Ko kallon allon ba ta yi ba. 'Yarta take kallo.

"Tara," ta ce. "Ashirin da biyu. Ashirin da uku. Arba'in. Hamsin da ɗaya, hamsin da biyu."

Ta ɗan tsaya.

"Hamsin da takwas."

Adawiyya ta miƙe tsaye.

"Inna..."

"Ni nir rubuta su. Ni ce sakataren mata lokacin, ni ke da bik na rubutu da kaye. Daren... a'a, da rana tsaka ne ma, bayan an watse daga ƙarƙashin gawo, na tahi gidan perzidan da ƙahwata na ce ga mahita. Ya ce wa za ya ware su? Na ce ni, dangina ne, na san kowa. Na sa ƙanena a ƙarshen ƙarshe don kada a ce na yi son kai."

Hawaye ya zubo wa Adawiyya, ba ta ma san ya taho ba.

"Inna, Kawu hwa? Kawu Halidu?"

"Gona da ƙishirwa ta hi ba gona. Haka na gani ranar. Ko na yi daidai ko ban yi ba, shekara huɗu ina tambayar kaina, ban samu wanda ya tambaye ni ba sai na'urarki."

Ta nuna allon da haɓa.

"Suna take nema ko? Goge wancan dogon. Sa nawa. Sa Mariyatu, ki karanta gobe gaban kowa in kin ga shi ne daidai, ba zan riƙe hannunki ba. Amma kahin komite ya ji, sai Halidu ya ji. Har yau bai san hannun wa ne ba, kullum sai ya biyo ya gaishe ni ya sa min albarka."



Sai ga ƙarar fartanya an jingine ta a jikin bango, da takun takalmin roba mai laka. Wani ya leƙo da kansa ta ƙofa, yana dariya, duk haƙoransa a waje.

"Salamu alaikum! A'a, yau taron dangi anka yi ba a gaya min ba? Tun daga bakin tanki nike jin ana Halidu, Halidu. To ga Halidu ya zo, mi anka ce ya yi?"